Addu'ar da Ta Narkar da Ƙanƙara

Zuwa ga uwargidana 'Malimpho,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jiki, yaya gwiwar nan taki, yaya tumakinmu? Na iso lafiya. Na sami 'yarmu Limpho garas, har kumatu ta yi.

Sai dai garin nan ya ɗaure mini kai. Baƙi na biya a ja su kan dutse, su ɗaura katakai a ƙafa, su sulalo kan ƙanƙara, su faɗi, su tashi suna dariya, su koma. Aikin 'yarki ke nan, koya wa manya faɗuwa. Na ce mata a ƙauye kyauta muke yi.

Ran Lahadi aka taru cin abinci. Sefali, maigidanta a wurin aiki, ya ce tunda ni ne babba in yi addu'a. Na tuɓe hula na yi wadda muke yi duk hunturu: Ubangiji ya ɗauke mana ƙanƙarar nan, ya fito da rana, ciyawa ta bayyana. Ni kaɗai na ce amin. Limpho ta cusa fuska cikin bargon da ta yafa. Me na faɗa?

Mijinki,
Tlali

Zuwa ga 'Malimpho,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Ni dai da sauƙi.

Tun aurenmu nake wannan roƙo, ba a taɓa amsa mini da gaggawa haka ba. Rana ta buɗe, dutse ya koma taɓo, baƙi suna ɗaure kaya. Mai fanke a tasha ta ƙi sayar mini, wai "Tsoho mai bakin rana, je ka ci addu'arka!" Sefali kuwa ya ce in ƙanƙara ba ta dawo ba, zai sallami masu koyarwa, har da Limpho.

'Yarki ta ce, "Baba, kai ka ɗaure, kai za ka kwance." Na ce, "Ke, makiyayi ya roƙi abin da ya ƙarar da garken ubansa? Ai Ubangiji sai ya ce na ruɗe." Ba ta yi dariya ba.

To, yau da safe na durƙusa na roƙa. Na ce a sauke ƙanƙarar a wannan gefen dutse kawai, kada ta kai ƙauyenmu, amma ban sani ba ko gajimare ya san iyaka. Yanzu haka hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga yamma, mutane sai tafa mini suke, ni kuwa tunanin tumakinmu nake yi.

Ki shigo da tumaki maza, ki tanadi harawa. Kada ki gaya wa maƙwabta wa ya jawo.

Naki har kullum,
Tlali