Takalmina a Cikin Jaka

Laraba, 5 ga Maris
Kwana ashirin da ɗaya ban kurɓi maganin tari ba! Ni ɗin nan da nake shanye kwalba uku kafin azahar. Yau na yi wa mutum biyu kitso, hannuna bai yi rawa ba. Likita ta sa ni a zaman Laraba na asibitin ƙwaƙwalwa: mu takwas a kan tabarma, takalma a bakin ƙofa, kowa ya faɗi damuwarsa. Na yi surutu har sai da ta ce in bar wa wasu.

Laraba, 12 ga Maris
Kai, yau na ji abin da ya fi ƙarfin kunnena! Dattijon nan mai gyaran takalmi, wanda ba ya ɗaga kai, ya buɗe baki. Wai shi ba ƙwaya ce kaɗai matsalarsa ba. Takalmin mata ke tayar masa da sha'awa, har ya sha ɗauke na mutane ya ɓoye, ƙwayar ma don ya danne abin ya fara ta. Yana faɗa yana kuka. Ni kuwa na tashi tsam, na ɗauko takalmina na cusa a jaka. Wasu suka tuntsire da dariya.

Alhamis, 13
Na ba Yaya labari ina dariya. Ta ce, "Ke da aka tsinto a bayan shago kina dalalar da miyau?" Yaya ba ta iya magana ba, wallahi.

Laraba, 19 ga Maris
Kwana talatin da biyar! An tafa min. Dattijon bai zo ba. Likita ta tare ni a baranda, ta ce abin da ke damunsa ciwo ne kamar nawa, kuma yana da magani. Shekara tara yana ɓoyewa kafin ya iya furtawa, in ya daina zuwa ƙwayar zai koma. Ba ta yi min faɗa ba, gara ma a ce ta yi. Kunya ta hana ni cin abinci.

Asabar, 22 ga Maris
Igiyar takalmina ta tsinke. To, almakashi ma ya taimaka. Na tambaya har na gano rumfarsa a bayan tasha. Na miƙa masa na ce, "Baba, a ɗinke min." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "'Yata, zauna nan har in gama, kada ki tafi ki bar min shi." Na zauna a benci da ƙafa ɗaya babu takalmi. Da ya miƙo min, sai ya ce a hankali, "Har yanzu ƙarfe goma ake fara zaman Larabar?"

Na ce masa tara da rabi zan biyo. Hanyata ce ai, kusan.