Bappa Ya Kashe Giyar Motarka

Hamma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Adda Hauwa da yara. Yaya aiki, yaya zaman nesa? Mu nan Barade lafiya lau, sai ƙafar tsohuwarmu Dada da ke tashi jefi-jefi.

Motar da ka bar mana don kai Dada asibiti tana gareji a Yelwa, an sauke giyarta. Bappa Umaru ne ya are ta zuwa gona. Ka san halinsa tun yana jan akori-kura: da ya ga gangara sai ya kashe inji ya sake ta furi, wai tattalin mai. Na ce, "Bappa, wannan otomatik ce, ba ta son haka." Ya ce ya fara tuƙi tun ba a haife ni ba.

Da ta ƙi tafiya, sai ya ɗaure ta da igiya a bayan motar doya, aka jawo ta har gida. Bakanike ya nuna mini man giyar, baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ya ce jan nan ne ya ƙarasa ta.

Jiya a keke napep na kai Dada, tana cije leɓe a kowane rami. Bappa kuwa har ya aiko tambayar yaushe za a gama gyara, masararsa na gona tana jiran a kwaso!

Don Allah ka kira shi, ni bakina ya gaji. In mota ta fito, makulli a ƙarƙashin filon Dada zai kwana. Ya zo ya roƙi Dada da kansa.

Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Asma'u