Hoton da Kika Ba Ni Amana

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin sauƙi. Allah ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya saka wa maigidanki da alheri bisa ɗawainiyar da yake yi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi dama, har tana hawa bene ba ta riƙe ƙarfe. Kawu kuwa tun da ya ajiye aiki ya addabi kowa da gyaran abin da bai lalace ba, jiya fankar falo ya kwance, yau muna fifita da kwali.

Yaya, kwana uku ke nan ina ɗaukar waya ina ajiyewa, don na san in na ji muryarki bakina ba zai buɗu ba. Amanar da kika ba ni ta kuɓuce mini. Inna ta san ba ki da lafiya, kuma ni ce sila.

Kin san a ofis aikina rubuta manhaja. Watan nan aka ba ni ta wani mai kantin kayan ɗaki, wadda masu saye za su riƙa duba gadaje da kujeru da labule a waya. Matarsa ce ta kawo mana aikin, tsohuwar maƙwabciyarmu wadda ta sha yi miki kitso muna yara. A dandalin da muke rubuta manhaja akwai wani gefe da ke jera duk hotunan aiki ƙanana-ƙanana, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, mutum ya duba, ya sake suna, ya goge wanda ba ya so ba tare da ya buɗe ɗaya-ɗaya ba. Na je kantin na ɗauko hotuna sama da ɗari uku da wayata. Shugabar sashenmu ta sha ja mana kunne cewa kada a juye waya kai tsaye cikin aiki, a tace tukuna. Ni kuwa ina sauri, na kwashe na makon gaba ɗaya na zuba, na ce ai zan tsince a can. A makon ne kika turo mini hotonki na asibiti, kika ce ko maigidanki bai san kin ɗauka ba, kuma kada Inna ta ji komai sai an gama magani.

Na tsince ɗin kuwa. Na bi layi-layi ina gogewa, duk inda na ga fuska na cire. Amma naki a ƙanƙance ba a ganin fuska. Farin zanen gado ne, da farin bango, da labule a gefe. Na dube shi da idona, na ja shi na saka cikin jerin gadaje, har na raɗa masa suna farin gado na bakwai. Wannan ne ya fi ci mini rai, Yaya. Ciki ɗaya muka fito, amma na kalle ki na ɗauke ki kayan kanti don ƙyuyar danna yatsa sau ɗaya.

Ranar Talata mai kantin da matarsa suka zo ganin inda aiki ya kai. Manhajar ba ta kammala ba, sai na haɗa kwamfutata da majigi, dandalin ya fito a bango, ƙananan hotunan a jere. Ina ta zuba bayani ina jin kaina. Can matar ta nuna da yatsa, ta ce wancan farin gadon ba ta san suna da shi ba, a buɗe mata ta gani. Na danna. Sai ga ki kin cika bango, kai babu gashi ko ɗaya, ƙarin ruwa a hannu, kina murmushin nan naki na ƙarfin hali. Matar ta dafe ƙirji ta yi salati, ta kira ki da sunan da take kiran ki kina ƙarama. Na kasa samun inda ake rufewa, sai shugabarmu ce ta tashi ta zare wayar majigin. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na bi matar har bakin mota ina roƙon ta rufa mana asiri. Ta ce in kwantar da hankalina, amma hawayenta na zuba. Ban ga laifinta ba. Ba ta faɗa ba, sai dai ta kira Inna ta gaishe ta, ta fashe da kuka, uwa kuwa ba a yi mata haka ta kasa ganewa.

Da na koma gida da la'asar na tarar da Inna zaune a bakin gado. Na durƙusa na faɗi komai, ina jiran faɗa. Ba ta yi ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi in nuna mata hoton, kuma babba take so, ba irin na wurin aikinmu ba. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, tana shafa fuskar wayar da yatsa. Ta ce ranar da ta haife ki ma haka kanki yake, sul, kuma gashi ya fito, wannan ma zai fito. Ta ce tun watan jiya ta lura kin daina kira ta bidiyo, ta yi shiru ne don ta ga kina son shirun. Ta kuma ce ba za ta kira ki ta titsiye ki ba, za ta jira ki kira da kanki, amma kada ki ɗaura ɗankwali saboda ita.

Na goge hoton daga aikin da duk inda ya ajiye kwafi, shugabarmu ta tsaya a kaina har ta tabbatar. Amma ɓari ba ya kwasuwa duka. Ba zan ce tsautsayi ba ne, sakacina ne. Ki yafe mini, Yaya. In kin ga dama ki yi fushi da ni wata guda, na cancanta. Inna dai kada ki bar ta tana jira, tun ranar ko kicin za ta shiga da wayar a hannunta.

Ki gaishe mini da maigidanki da 'yan biyunki. Kawu da Gwaggo suna gaishe ki, su har yanzu ba su sani ba, kuma daga bakina ba za su ji ba.

Wassalam,
Ƙanwarki mai neman afuwa.