Tunda Kina Gida

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah Ya raya mana su, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan kowa ƙalau, alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba mai riƙe ta. Baban yara yana nan da hawan jininsa, yana shan magani ran da ya ga dama. Babbar 'yarki ta wajena ta fara jarrabawa, a sa ta a addu'a.

Saƙonki na murya ya iso, kuma na saurare shi har ƙarshe duk da tsawonsa. Kin ce kamfaninku ya tilasta muku komawa ofis, kin kira abin zalunci, kin yi ƙorafin cunkoson jirgin ƙasa da takalmin da ke matse miki ƙafa. Sannan kika rufe da cewa ni na huta, tunda an rufe namu ofishin ina aiki daga gida kamar sarauniya. Allah Ya taimake ki ba kya kusa a lokacin. Shi ya sa na ɗauki biro maimakon waya, don in na kira ki, abin da zai fito daga bakina ba irin na 'yan'uwa ba ne.

Bari in ba ki labarin sarautar. Ran da aka rufe ofishin, manaja ya tara mu ya ce rabin benen babu kowa, haya kawai ake zubarwa, takardun inshora kuwa ko a kan gado mutum yake zai iya duba su. Ya ce kowa ya ɗauki kwamfutarsa, a matsayin tukwici kuma ya haɗa da kujerarsa. Matasan ofis suka yi ta tafi. Ni na tura kujerata mai taya har bakin titi kamar mai fitar da maras lafiya daga asibiti, ina yi wa kowa murmushi. A kan kujerar nan na karanta kusan duk littafin kirkin da na karanta tun da na yi aure. In lokacin cin abinci ya yi, sai in tura ƙofa, in juya kujerar wajen taga, in manta da cewa ni matar wani ce ko uwar wasu.

Yanzu ofishina shi ne teburin cin abinci, tsakanin kwalbar man gyada da kwandon cokula. Kuma an yi mini sabon suna a gidan nan, Tunda-Kina-Gida. Tunda kina gida, mai gas zai zo. Tunda kina gida, ki tsaya a kan mai gyaran famfo. Maƙwabciyarmu ta sama ta ajiye mini makullinta da jerin waɗanda zan ba wa da waɗanda zan hana. Kawu in ya fito daga asibiti nan yake yada zango, ya miƙe ƙafa ya fara tarihin ciwon bayansa daga farko. Baban yara, mutumin da ke tafiyar da shago da ma'aikata, ba ya iya gano ɗaya ƙafar safarsa sai ya tsaya a kaina ina tsakiyar lissafi. Da can da nake fita da jaka, kowa ya san aiki nake yi. Yanzu da suke ganin aikin da idonsu, sun yanke cewa danne-danne ne.

Makon jiya muna taro ta bidiyo, Mama ta zo ta bayana ta leƙa, ta tambaya da ƙarfi wane ne wannan mai sanƙon da ke ta surutu tun ɗazu ba ya barin kowa ya yi magana. Manajan ne, kuma makirufo a buɗe yake. Gaskiya ta faɗa, amma ni ce zan zauna da shi. Kujerar ma ba ta hannuna. Mama ta gwada ta sau ɗaya ta ce ta fi kowace kujera yi wa bayanta daɗi, yanzu a kanta take kallon talabijin, tana juyi tana ba da umarni. Ni ina kan ta katako mai gurguwar ƙafa, an tokare ta da ƙamus ɗina.

Na koma tsakiyar gari kwanan baya, ba don komai ba sai don in tsaya a inda na saba. Shagunan da ke ƙasan benenmu rabi sun ja ƙofa. Mai gadi ya ce an ce za a mayar da hawanmu ɗakunan haya, shi ma bai san makomarsa ba. Tsohon nan mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin tasha ya koma sayar da rigar waya. Ya ce masu sayen littafi su ne masu jiran mota, yanzu kuwa ba mai jira. Na ɗaga kai na ga tagata, tantabaru sun yi layi a bakinta. Har su na yi wa baƙin ciki.

To ke fa? Kina da ofis mai ƙofa da ake roƙonki ki shiga. Kina da jirgin da za ki zauna a ciki da littafi ba mai tambayarki inda aka ajiye almakashi. Ba zan ɓoye miki ba, kishinki nake yi, kishi mai zafi, kuma ban ga dalilin jin kunya ba. Abin da ya fi ci mini rai kuma, bayan wancan ofishin kina da wani ɗaki a nan, a saman kaina, a kulle tun ran da kika tafi. Babu komai a ciki sai gado da akwatunanki, da littattafan makaranta da ba ki buɗe ba ko lokacin da kike makarantar, da keken motsa jiki da kika hau sau biyu. Yana da taga, yana da ƙofa, ƙofar tana da sakata. Mama takan buɗe ta share, ta canza zanin gado, ta kulle, ta mayar da makullin cikin jakarta. Ke da kike wata uwa duniya kina da ɗakuna biyu, ni da nake wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi ba ni da ko lungu.

Na roƙe ta ɗakin. Na kawo hujjoji kamar lauya, na ce zan adana kayanki, na ce in kin zo hutu zan fita. Ta bar ni na gama, tana juya kujerar a hankali, sannan ta ce, "In na ba ki, na yarda ke nan ba za ta dawo ba." Daga nan ta ƙara sautin talabijin.

Na san kafintan da zai cire ƙofar nan kafin shayi ya huce, kuma na yi tunaninsa fiye da yadda ya kamata. Amma ba zan fasa wa tsohuwa abin da take sharewa da hannunta ba. Ni da ke mun san kun sayi gida a can, yara sun shiga makaranta, ba dawowa za ki yi ba. Ita kaɗai ce ba a gaya wa ba, don duk kiran da za ki yi sai kin ce mata saura kaɗan. Wannan "saura kaɗan" ɗin naki shi ne kwaɗon da ke jikin ƙofar. Ki kira ta, ba saƙon murya ba, ki gaya mata gaskiya da bakinki. Za ta yi kuka, na sani, kuma ni ce zan rarrashe ta, tunda ina gida. Amma in na gama rarrashin, ina so in sami ƙofar da zan rufe.

Ki gaishe da maigidan naki da 'yan biyu, ki ce Umma Babba tana sa musu albarka. Mama tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ta sake wa ɗakinki labule. Baban yara da Kawu suna gaisuwa. Ki sayi takalmi daidai ƙafarki ki tafi ofis.

Yayarki,
wadda aka ce ta huta