Kwalbar da Ka Aiko wa Inna

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya sanyin can? Mu nan Tambuwal sai godiya.

Ranar Laraba na je Kebbe, na tarar Inna ta rame, ƙishirwa da yawan fitsari sun dawo. Ashe tun da kwalbar bitamin ɗinka ta iso ta ajiye maganin asibiti. Ta ce, "Ke da bokonki! Maganin ɗana nika sha, wanda ya hawo jirgi."

Na bayyana mata cewa sukari taruwa yake a jininta, don naman jiki ba ya ɗaukarsa sai da sinadarin insulin da jiki ke samarwa, nata kuwa ya raunana. Maganin asibiti ke tallafa masa, bitamin ba aikinsa ba ne. Ta saurara tsaf, ta sa mini albarka, ta haɗiyi naka.

Likita ya ce idanunta na cikin haɗari. Ka kira ta yau, ka ce ta koma wa maganin asibiti. Na yi tunanin juye na asibitin a kwalbarka, amma gara ta ji daga bakinka.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza