Teburin Yaya Sabo

Zuwa ga Mai Girma Manajan Gidajen Abinci,
na wurin shaƙatawar nan mai tafki da dabbobi da ke Panyu, Guangzhou.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalanka da ma'aikatanka, ni sunana Ɗanlami. Bakano ne, daga Najeriya, ina sarin takalma a unguwar Sanyuanli ina aikawa gida. Na fara shigowa garin nan tun kafin a mayar muku da Hong Kong bara, don haka ba baƙo ba ne ni sosai. Da Hausa na rubuta wasiƙar nan, domin da ita na iya faɗa, da ita kuma na iya godiya. Malam Isufu, mutumin Damagaram da ke karatun likita a nan, shi zai juya maka ita zuwa harshenku. Kwafi ɗaya kuma zan liƙa shi a inda 'yan kasuwarmu suke taruwa bayan Juma'a, saboda rabin maganar tasu ce.

Ƙorafi na kawo. Amma in faɗa maka tun yanzu, ƙorafin mutum ne da ya ci ya ƙoshi a gidanka, kuma har yau in ya tuna ranar sai ya yi dariya shi kaɗai a cikin bas.

Na ɗaya, ya kamata ka san wanda na kawo muku. Yayana ne, Alhaji Sabo. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya zaunar da ni a bakin shagonsa a kasuwar Wambai, shi ya koya mini gane takalmin kirki daga ƙanshin robarsa. Wannan ne zuwansa China na farko. Yaya mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da abin da zai sa a bakinsa. Ba ya cin naman da bai san hannun da ya yanka ba. Na kai shi gidajen abincin Musulmi har uku a cikin gari, na nuna masa rubutun Larabci a ƙofa, ya ce shi ma ya iya rubutun Larabci, kuma bai taɓa yanka ko kaza ba. Kilishin da ya taho da shi ya ƙare a kwana na huɗu. Daga nan sai burodi da shayi da dabino, safe, rana, dare. Ina kallo yana ƙara tamke mazagin wandonsa, ni kuwa kunya kamar in nutse. Mutumin da ya ciyar da ni shekara goma sha biyar, ya zo wurina na kasa ba shi abinci ɗaya mai rai.

Ranar Juma'a Allah ya kawo mafita. A masallaci Yaya ya yi sahu kusa da wani dattijo mai farar hula, ya ga yadda yake natsuwa a sallarsa, bayan an idar suka gaisa. Da Malam Isufu ya tambaye shi aikinsa, ashe shi ne kukun ɗan ƙaramin gidan abincin Musulmi da ke cikin wurinku, kuma shi yake tsayawa a kan yanka. A hanyarmu ta komawa masauki Yaya ya ce abincin mutumin nan zai ci. Na yi masa alkawarin ranar Lahadi, ƙarfe ɗaya.

Na biyu, ga abin da na yi, ba zan ɓoye ba. A yammacin nan Malam Isufu ya buga muku waya daga otal, aka ba mu tebur mai lamba huɗu, Lahadi ƙarfe ɗaya, mutum uku. Da ya ajiye wayar sai na ce ya sake ɗauka ya kama mana wani teburin a gidan kifinku da ke ɗaya gefen tafki, shi ma ƙarfe ɗaya. Ya dube ni ta saman tabarau, na ce masa ya buga kawai. Ranka ya daɗe, haka muke aiki. Ɗan kasuwar da ya san kansa ba ya dogara da wakilin jirgi ɗaya. In ina da kaya, wuri biyu nake kamawa, wanda ya tabbata in bi shi, ɗayan ya ji shiru. Na ce a raina in na farko ya ƙi, ko gasasshen kifi na lallaɓa Yaya ya ci. A lokacin dabara na ɗauke ta, har ina jin daɗin kaina.

Na uku, ranar Lahadi. Dole in yaba muku, wurinku ya yi. Yaya ya shekara sittin da 'yan kai a Afirka, amma sai a Panyu ya fara ganin raƙumin dawa ido da ido. Ya miƙa masa ganye, dabbar ta zaro harshe ta kusa tafiya da hularsa, Yaya ya dafe kai yana salati yana dariya har da hawaye. Jirgin nan naku mai hawa sama ya kife da mutane kuwa, ya tsaya ya kalla na ɗan lokaci, ya ce ai bai ga laifin da mutanen suka yi ba. Fim biyu na ƙarar a kyamara kafin rana ta take. Duk inda muka bi yana tambayata ƙarfe nawa, ni kuma na san abin da yake tambaya.

Ƙarfe ɗaya saura kwata muna bakin ƙofar gidan abincin Musulmin. Ƙamshin gasasshen rago ya fito har waje ya tarye mu. A daidai lokacin wasu iyali suka iso, su bakwai, suna riƙe da wata tsohuwa mai ɗan mayafi baƙi. Ma'aikaciyar da ke ƙofa ta buɗe littafi, sai na ga fuskarta ta sauya. A layi ɗaya, gaban lamba huɗu, ga sunana, ga kuma sunan iyalan Ma, wato mutanen nan bakwai. Sauran tebura biyar duk a cike. Na nemi wani, ta ba ni kalmar nan taku da kowane ɗan kasuwa ya fara koya, meyo, wato babu.

Malam Isufu ya matsa mata da tambaya, ta yi masa bayani murya ƙasa-ƙasa. Ba kuskure ba ne. Umarni ne daga ofishinka. Wai baƙi sun saba kama tebur a gidaje biyu ko uku su je ɗaya, tebura su zauna babu kowa, shi ya sa a ranakun cika kuke ba mutum biyu tebur guda, da zaton ɗaya ba zai zo ba. To, ranar nan duk mun zo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗaga murya, na ce wannan rashin adalci ne, na ce alkawari kuka ɗauka kuka karya. Na juya na ga Yaya a tsaye cikin rana yana jan tasbaha, maƙogwaronsa yana motsi. Sai na matsa kusa da shi na ce kada ya damu, ai na kama wani teburin a gidan kifi tun shekaranjiya, in ta ƙi nan sai mu je can.

Yaya bai yi murna ba. Ya tambaye ni wa ke zaune a kan teburin yanzu, na ce babu kowa. Ya tambaye ni ko masu gidan sun san ba lallai mu zo ba, na ce a'a. Sai ya yi mini kallon da rabona da shi tun ina goge takalma a bakin shago. Ya ce abin da nake yi wa yarinyar nan ihu a kai, ni na fara shi. Ya ce in je yanzu da ƙafata in saki teburin mutane, shi zai jira, yunwar kwana goma sha ɗaya ba za ta kashe shi a rabin awa ba.

Na zagaya tafkin nan ina gumi ina ƙunƙuni. Da na isa gidan kifi, ga tebur a gefen taga, an shimfiɗa farin ƙyalle, ga kati da sunana a tsaye a kai kamar mai gadi. A bakin ƙofa kuma ga wani magidanci da matarsa mai tsohon ciki da 'yan matansu biyu, suna leƙen teburin ta gilashi. Matar ta dafa ƙugu da hannu ɗaya. Ban san tun yaushe suke tsaye ba. Da hannu da 'yan kalmomin da na iya na nuna wa ma'aikacin ya cire katin. Suka shiga suka zauna, mutumin ya riƙe hannuna biyu yana ta godiya. Godiya yake mini a kan abin da na tare masa.

Na huɗu, abin da na tarar da na dawo. Ban ga Yaya a waje ba. Na leƙa ciki, sai ga shi a tebur mai lamba huɗu, ya naɗe hannun riga, haƙarƙarin rago a hannunsa, maiƙo har gemu. Tsohuwar nan tana damansa tana juya masa faifan gilashin da ke tsakiyar tebur, duk abin da ya yi kyau sai ta tsayar da shi a gabansa.

Malam Isufu ya ba ni labari. Bayan tafiyata Yaya ya sa shi ya gaya wa iyalan su zauna, tunda tsohuwar ta girme shi. Ita kuma ta ga tasbaharsa, ta yi masa sallama, ya amsa. Da ta ji kwana nawa ya yi bai ci nama ba, sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce abinci ba zai wuce mata ba dattijo yana tsaye. Ta ƙirga kujeru, goma ne. Su bakwai, mu uku. A ranar ne ta cika shekara tamanin, shi ne 'ya'yanta suka kawo ta.

Ranka ya daɗe, ban taɓa cin abinci mai daɗin na ranar ba. Kukun ya fito daga kicin ya rungume Yaya kamar sun shekara da sanin juna. Aka kawo wata taliya mai tsawon gaske, aka ce ta fatan tsawon rai ce, ba a katse ta. Yaya ya ajiye 'yan sandunan cin abinci, ya sa hannu, ya yi ta ja yana ɗaga kai har ya kusa miƙewa tsaye, jikokin tsohuwar suna tafi. Ya yi ƙari sau uku. Da aka gama ya ɗaga hannu ya yi mata doguwar addu'a da Hausa, ita ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma duk inda ya tsaya sai ta ce amin. Ni ina gefe ina kallon yayana yana suɗe yatsa, farin ciki ya cika ni.

Na biyar, to ina ƙorafin? Ga shi. Abin da ya cece mu ranar nan kirkin wata tsohuwa ne da yawan kujeru, ba tsarinku ba. Da teburin na mutum huɗu ne, da ɗayanmu ya koma gida da yunwa, ko dattijon da ya taho daga Kano ko tsohuwa a ranar murnarta. Na yarda mu muka fara, na ga sakamakon da idona a gidan kifi. Amma ku kun rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Iyalan Ma tebur ɗaya suka kama, kuma sun zo a kan lokaci. Sannan kun bar ma'aikaciyarku a ƙofa tana shan faɗa a kan shawarar da aka yanke a ofis. Na ba ta haƙuri kafin mu tafi, ina kuma sake ba ta a nan.

Saboda haka ina roƙon alfarma kamar haka.

Ku daina ba mutum biyu tebur ɗaya. Duk gidajen abincin nan a ƙarƙashinka suke, a haɗa littafinsu ya zama guda, in suna ya fito sau biyu a lokaci ɗaya a kira mai shi ya zaɓa. Da an yi mini haka, da kunya ta ishe ni tun a waya.

Wanda ya kama tebur bai zo ba, a jira shi minti ashirin, sannan a cire katinsa a ba na tsaye. A gaya masa wannan sharaɗi tun lokacin da yake kamawa. A kuma sa benci da rumfa a bakin ƙofa, don tsofaffi da masu ciki.

Ku kuma 'yan'uwana na Sanyuanli da za ku karanta wannan bayan Juma'a, kada ku yi mini dariya da yawa, na san da yawanku haka kuke yi. Teburin abinci ba kwantena ba ne. Wanda kuka kama kuka ƙi zuwa, akwai mai tsaye yana kallonsa ta gilashi.

Roƙona na ƙarshe na kaina ne. Yaya ya koma Kano lafiya, mazagin wandonsa ya koma inda yake. Ya aiko mini saƙo cewa zai dawo bayan babbar Sallah, kuma ya riga ya sayi turmin atamfa da zai kawo wa tsohuwar. Ina so a ajiye mana tebur mai lamba huɗu, Lahadi, ƙarfe ɗaya. Shi kaɗai na kama, ku duba gidan kifi ku gani. In kuwa har lokacin ba ku gyara tsarin ba, dole sai kun haɗa mu da wasu, to don Allah ku rubuta sunan iyalan Ma. Kujera goma ce, mun riga mun san wurin zaman kowa.

Allah ya ƙara wa wurinku albarka da baƙi, ya ba ka ikon yin adalci ga na zaune da na tsaye, ya saka wa kukunku da alheri, ya ƙara wa tsohuwar nan lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Naka,
Ɗanlami Mai Takalma,
Sanyuanli, Guangzhou.