Na Dawo da Kafinta, Ɗansa Ya Ce In Mayar

Kafinta ya yi dariya! Da guduma a hannunsa, a tsakar gidana, har da hawaye. Yi haƙuri Malama, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Ya aiki, ya iyali? Ki taimake ni, don daɗin nan ya zo da rigima.

Ni tsohon tela ne, jikoki sun cika mini gida. Sai da furfura ta fito na shiga ajin yamma, a can muka haɗa benci da abokina da muke kira Kafinta. Ya fi ni lissafi, na fi shi rubutu, kowa yana leƙen littafin ɗan'uwansa. Daga baya ɗansa ya samu babban aiki a nesa ya ɗauke shi, zumunci ya koma na waya, wayar ma ta yi shiru.

Bana na ce wa mai ɗakina mu zaga dangi tun ƙafa tana ɗaukarmu. 'Ya'ya suka ce tsohuwar motata ba za ta wuce bayan gari ba. To ta wuce! Mun sauka gidan yayata, ta yi mini faɗa kamar yaro wai na rame. Mun kwana gidan ƙanena muna musun wanda ya fi tsufa a fuska. A gidan autar 'ya'yanmu da ta haihu muka tarar ta jefar da gadon jariri na katako, wanda ita kanta ta kwanta a ciki, don ƙafarsa ta karye. Mai ɗakina ta ƙi, ta sa aka ɗaure shi a saman mota.

Daga nan muka nemi gidan ɗan Kafinta. Wallahi ba a rage Kafinta da komai ba: katifa mai laushi, talabijin, na'urar sanyaya ɗaki, magunguna jere a kan tebur. Amma ko kofi ya ɗauka sai a karɓe a ce Baba huta. Kayan aikinsa an kulle tun da hawan jini ya taɓa shi. Na yi masa tsiya irin ta da, kallona kawai yake yi.

Da ya rako mu ƙofa ya hangi gadon. Ya sa aka sauke, ya shafa shi, ya ce, "Wane mugun ne ya buga ƙusa a nan?" Ni ne mugun. Kafin in kare kaina ya buɗe mota ya zauna a baya. Matar ɗansa ta kira mijinta bai ɗauka ba, ta haɗo kaya da magani ta ce kwana biyu kawai.

Malama, an kusa wata. Gado ya miƙe, ƙofar ɗakin girki ta daina kuka, maƙwabta suna kawo kujeru. Yana cin abinci har da ƙari. Maganinsa kuwa mai ɗakina tana tsaye a kansa sai ya haɗiye.

Sai dai ɗansa kullum yana kira. Ya ce na sace masa uba, mutane suna cewa ya kore shi, ni kuma na mai da shi lebura. Na faɗa wa Kafinta, ya ce, "Ka ce masa ban gama ba." In na mayar da shi ɗakin nan na san shirun zai dawo. In na riƙe shi na raba ɗa da uba. Yaya zan yi?

Ke da masu karatu duk ku zo ku gan shi, inuwa tana nan, kujerun ma yanzu ba sa karkata.

Kakan yara, mai tsohuwar mota

Baba, barka da hanya, barka da wannan dariya. Abin da ka yi zumunci ne, kada ka yi nadama.

Amma yaron nan ba maƙiyinka ba ne. Tsoro ne ya sa shi kulle kayan aikin, wanda ya ga ubansa a gadon asibiti ba ya mantawa. Kuma an ba ka aron kwana biyu ka riƙe wata. Ka kira shi ka ba shi haƙuri a kan wannan, ba tare da ka ce kai ka ceto ubansa ba.

Sannan ka daina zama ɗan aike. Kafinta yana da baki, shi zai gaya wa ɗansa abin da yake so. Ku je wurin likita ya faɗi aikin da jikinsa zai ɗauka, don yaron ya samu natsuwa.

Gayyatar da ka yi mana, yaron ya fi cancanta da ita. Ka ce ya zo da matarsa, su taho da akwatin kayan aikin. Ka zaunar da shi, ka yi shiru, ya kalli ubansa yana fiƙe katako. In bayan haka Kafinta ya zaɓi komawa, ka sake shi da zuciya ɗaya, muddin za a yi masa rumfa da benci a can. Motarka ta riga ta san hanya.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya jaririn, ya bar ku tare.